Jan Farce a Kan Noti

Masu karatu, ku gyara zama. Kafin komai, wadda ta rubuto mini wancan makon tana cewa tsohuwa mai shekara sittin da huɗu ba ta da abin faɗa a shafin soyayya, na gode, 'yata. Allah ya kai ki shekaruna da haƙoranki cif, sai mu sake magana.

Ga sababbin shigowa: ni malamar kimiyya ce da ta ajiye alli bayan shekara talatin da huɗu. Maigidana ya rasu shekara shida ke nan. 'Ya'yana biyu, babban ɗana da muke kira Manaja saboda aikin banki yake yi, sai Auta da ke aure a wani gari. Ina zaune ni kaɗai a gidan da muka gina da marigayi, ɗaki uku da bishiyar lemo a tsakar gida. Wata uku da suka wuce na ɗauki kuɗin sallamata na sayi mota ta hannu, ƙarama, ruwan toka, mai giyar hannu. Ban shawarci kowa ba.

Ranar da Manaja ya gan ta a ƙofar gida, sai da ya zagaye ta sau biyu kamar mai duba akuyar da ake zargin tana da ciwo.

"Umma, mota ta hannu? Daga wajen dillali? Ke da kanki?"

"Da kaina na je, ƙafafuna suka raka ni."

Dama shekara guda yana bina da magana ɗaya: in rufe gidana in koma nasa. Ya gyara mini ɗaki, ya sa labule mai ruwan zuma da gado mai laushin da in ka kwanta sai an jawo ka. Ranar nan ya samu ƙofa. Ya ce mu yi yarjejeniya: in motar ta ci gyaran da ya fi ƙarfin fanshona kafin shekara ta zagayo, zan sayar da ita in tattara in koma wajensa. Ni kuma da girman kai irin na malamai na ce na yarda. Baki shi ke yanka wuya.

Wata biyu da rabi ina yawona. Kasuwa, asibiti, gidan ƙawata, har da wuraren da ba ni da abin yi sai don in ga ko motar za ta hau tudu. Sai ta fara wari kamar ana ƙona tsumma. In na taka totur injin ya yi ihu, ita kuwa tana tafiyar hawainiya. Manaja ya aiko bakanikensa ya ɗauke ta. Kwana shida ta dawo da rasit mai layi goma sha ɗaya: kuloci, lagireto, famfon ruwa, kik mai tayar da injin, da su wane da wane, duk wai an canza. Jimillar ta kusa rabin kuɗin motar.

Manaja ya ajiye takardar a kan teburina, ya danne ta da kofin shayi.

"Na biya, Umma, kada ki damu da wannan. Amma alkawari kaya ne. Ƙarshen wata zan turo motar kwasar kaya."

Da ya tafi na tsaya a tsakar gida ina kallon lemona da ya fara fure.

Hanya ɗaya ta rage mini. Ranar ciniki dillalin ya rubuta mini da hannunsa cewa duk aibin da ya fito a injin cikin wata shida, wanda ya riga ciniki, shi zai biya. In na sa shi ya biya, gyaran bai ci fanshona ba, yarjejeniya ta tashi. Na faɗa wa Auta a waya. Saƙonninta suka fara shigowa kamar ruwan sama.

"Umma don Allah ki bari. Dillalin mota ko uwarsa zai sayar wa gwangwani."

"Kuma ki tafi da namiji in dole sai kin je. Ba sa jin maganar mata."

"Wai shi ne mai turo miki saƙo duk Asabar ɗin nan? 'Malama ya motar?' Hmm."

Na rubuta mata: "Shi ne. Mai sana'a ne yana bin sawun kayansa. Ki cire hmm ɗin nan daga bakinki."

Ni dai tun ina yarinya duk maganar da aka fara da "kowa ya sani" nake neman inda ta yage. Amma gaskiya wannan karon na yarda da kowa. Da yaƙi na shirya. Na sa atamfata shuɗiya mai duhu wadda nake sawa ranar da sufeto zai zo makaranta, na yafa farin mayafi, na sa tabarau mai igiya, na jera takarduna cikin jaka: alkawarinsa, rasit, da jawabin da na rubuta mai sashe uku. Ƙarfe goma na safe na shiga filinsa da motar.

Fili ne mai shinge, motoci kamar ashirin a jere ƙarƙashin rumfa, kowacce an rubuta mata lamba da farin alli a gilashi. Ofishinsa ɗaki ɗaya, fanka na juyi, makullai rataye a ƙusoshi. Yana zaune cikin farin kaftani, gemunsa ya yi fari fat, siriri ne dogo. Da ya gan ni ya miƙe, ya juyo mini da kunnensa na hagu. Na manta kunnensa na dama ba ya ji.

"Malama! Sannu da zuwa. Asabar biyu ba ki amsa mini ba, na ce ko dai motar ta yi mini laifi."

"Ita ba ta yi ba. Kai ka yi."

Na zauna ba tare da an ce in zauna ba, na zazzage masa sashe na ɗaya da na biyu. Na ce ya ga tsohuwa ya ga banza ta faɗi. Na ce takardarsa tana hannuna kuma na san hanyar kotu. Bai katse ni ba. Da na tsaya shan numfashi ya miƙo hannu ya karɓi rasit ɗin, ya nisanta shi da idonsa, ya karanta layi-layi yana motsa leɓe.

"Akwai sashe na uku?"

"Akwai."

"Ki ajiye shi tukuna, kada ya huce. Duk abin da na sayar miki da aibi ni zan biya, ko da ya kai kuɗin motar gaba ɗaya. Amma ni da ke duka muna da baki, kowa zai ja wa kansa. Mu je mu tambayi wadda ba ta da dangi a cikinmu."

Ya cire kaftanin ya rataye, ya zura wata tsohuwar rigar aiki da ta sha wanki. Daga aljihun tebur ya ɗauko tocila, madubi ƙarami a kan sanda, doguwar sukudireba, da wata 'yar kwalba. Na gyara tabarau. Jan farce ne, irin na 'yan mata.

"Malam, da girmanka?"

"Masu shagon ma haka suke cewa. Shekara ashirin da shida ina saye, har yau suna tambayata amarya nawa gare ni."

Ya buɗe bonet, ya haska. Masu karatu, kusan wata uku ina tuƙa motar nan, na buɗe bonet ɗin ya fi sau goma ina duba ruwa da baƙin mai, ban taɓa lura ba. Kowane noti a cikin injin nan, babba da ƙarami, akwai siririn jan layi a kansa, ya taso daga kan notin ya sauka a jikin ƙarfen da ya riƙe. Ɗaya, goma, hamsin, na daina ƙirga. Sun cika wurin kamar an yi wa injin gyaran jarrabawa.

"Duk motar da za ta fita daga filin nan," in ji shi, "sai na bi notinta ɗaya bayan ɗaya da hannuna. Wanda na gamsu da shi in ja masa layi. In sifana ta taɓa shi bayana, ko da kwatar juyi ne, layin zai rabu biyu, ba ya komawa daidai. Fenti yana ƙonewa, alli yana gogewa. Wannan kuwa zafi ba ya cin sa, ga burushinsa siriri. Karanto mini na farko."

"Lagireto."

Ya haska. Noti huɗu, layi huɗu, kowanne a miƙe kamar ranar da aka ja shi.

"Na biyu."

"Kik."

Ya zura madubin can ƙasa, ya karkata shi har na gani da idona. Layi lafiya lau.

Haka muka bi takardar. Ina karantawa yana haskawa. Muryata da ta shigo da ƙarfi ta dinga raguwa. Sai a kuloci, da ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashin motar ya miƙo madubin, na ga layukan duk sun rabu, rabi nan rabi can.

"Wannan an kwance," ya faɗa daga ƙasa. "An sa sabo, kuma mai kyau. Guda goma ba a taɓa su ba."

Ya fito yana kakkaɓe gwiwa. Na ɗauka zai yi mini dariyar wanda ya ci nasara. Maimakon haka ya ce in tayar da motar. Ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, kunnen da ba ya ji, ya rufe ido. Ya matsa da ita nan, ya matsa can. A wuri ɗaya ya daɗe. Fuskarsa ta canza.

"Malama, zo ki ji abin kunyata."

Ya miƙo mini. Na ja mayafi gefe, na manna ƙotar inda ya nuna.

Ban san yadda zan faɗa muku ba. Shekara talatin da huɗu ina rubuta wa yara a allo cewa sauti ya fi gudu a cikin ƙarfe fiye da a iska. Na zana shi, na ba da shi a jarrabawa, na kayar da waɗanda suka manta. Ban taɓa jin sa ba sai ranar nan. Ƙarar da nake ji a waje kamar guguwa ɗaya ashe gari ne guda. Wani abu yana bugawa a natse kamar zuciya, wasu ƙanana suna ƙyas-ƙyas kamar mata da yawa suna tsintar tsakuwa a faranti, wani yana zuƙa yana saki. Kowa da muryarsa, kowa da lokacinsa, ba mai shiga na wani. Na ce Subhanallahi ban san na faɗa ba. An ce gani ya kori ji. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa inda na tsaya ba.

"Yanzu ki saurara can ƙasa," ya ce a hankali. "Akwai mai kuka."

Na ji shi. Siririn gurnani, kamar yashi a cikin tukunya.

"Famfon ruwa ne. Takarda ta ce an canza shi, ba a canza ba, amma yana bukata. Kukan nan ya fi wata uku, tun motar tana hannuna ya fara. Na saurare ta ranar da ta zo, ban ji shi ba. Kunnen ƙashin ma ya fara tsufa. Wannan nawa ne, ni zan saya, ni zan ɗaura. Da ya mutu miki a hanya da injin ya tafi gaba ɗaya."

Na tsaya ina kallonsa. Babu wanda ya san da aibin nan. Ba ya cikin ƙarata, ni ban ji shi ba, bakaniken bai gan shi ba. Mutumin nan ya tono laifinsa da hannunsa ya ɗora a kan tebur.

"To kulocin fa?" na ce, don in samu abin riƙewa. "Wata biyu da rabi ya ƙone. Shi ma naka ne."

"Zagaya filin nan da ni sau ɗaya."

Ya zauna a gefena. Ban kai shinge ba ya ce, "Ƙafarki ta hagu, Malama. Me take yi a kan kuloci?"

"Tana jira. Marigayi ya koya mini, direba na gari kullum a shirye yake ya tsaya."

"Allah ya jiƙansa, ya koya miki tsoron hanya, ya manta ya koya miki tausayin mota. Kina tafe kina tsaye lokaci ɗaya. Ƙarfe ma ba ya jure wannan."

Na ji haushi har wuya, don ya yi gaskiya. Na sauke ƙafar. Motar ta saki jiki kamar an kwance mata ɗamara.

Da muka tsaya na ce, "Ke nan bakaniken ɓarawo ne."

Ya shafa gemu. "Ban san shi ba. Amma ɓarawo ba ya sa kuloci mai tsada haka, ba ya wanke injin, ba ya daidaita miki iskar taya kyauta. Hannunsa mai tsabta ne. Takardar ce kawai ba tasa ba, kamar faɗa masa aka yi ya rubuta. Wa ya biya?"

"Ɗana."

Bai ƙara ko harafi ba. Ya juya yana goge sukudireba da tsumma, ya daɗe yana gogewa, ita da ba ta da datti. Ni kuwa biri ya yi kama da mutum. Na tuna yadda aka danne takardar da kofin shayi, da yadda aka ce kada in damu. Wannan shirun nasa ya fi duk abin da ya nuna mini girma a idona.

Na ɗauki hotunan layukan da wayata guda goma. Na bar masa motar, na hau tasi zuwa gida. Sai da na yi azahar na ci abinci, sannan na tura wa Manaja hotunan da layi ɗaya: "Notin motata sun ce in gaishe ka."

Minti huɗu wayar ta yi ƙara.

"Umma…"

"Ina jinka. Nawa ne kuɗin kulocin na gaskiya? In biya ka."

Ya faɗa, da muryar da yake yi yana aji uku in ya fasa kofi. Ko rabin fanshona na wata bai kai ba.

"Ni ka yi wa rasit ɗin ƙarya? Ni da na koya maka ƙirga da ƙwallayen dabino?"

"Umma, ki yafe mini. Bara da kika zame a banɗaki awa biyu kika yi a ƙasa kafin maƙwabciya ta ji ki. Awa biyu! Tun ranar, duk wayar da ta shigo ina ofis sai gabana ya faɗi. Na rasa yadda zan yi da ke."

Ɗa ne, kuma bai yi ƙarya a nan ba.

"Na yafe. Amma yarjejeniya ta tashi. Gidana nake zaune, motata nake tuƙawa."

"Ta tashi, na yarda. To ki faɗa mini abu ɗaya: in kin sake faɗuwa, wa zai ji ki? Gobe bayan la'asar zan zo. In kina da amsa, ba zan ƙara ta da maganar ba har abada. In babu, Umma, ba zan iya barinki ba."

Na ce Allah ya kai mu, na ajiye wayar. Auta ta turo saƙon murya na minti shida, rabi faɗa da yayanta, rabi tambaya: "Wai da gaske jan farce? Wane launi? Umma me kika sa da kika je?"

Washegari da la'asar na ji hon a ƙofa. Na ɗauka Manaja ne. Na fita da mayafin gida, sai ga motata an wanke ta tana ƙyalli, dillalin a ciki da shuɗin kaftani mai sabon guga da hula. Ya koma kujerar gefe, ya ce in shigo in ji famfon. Na shiga na tayar. Lafiya lau. A kan sababbin notin, in ji shi, ya ja sababbin layi.

Na yi godiya. Bai fita ba. Yana ta juya makullin ofishinsa a hannu.

"Malama, motoci sun fi ɗari biyu na sayar a 'yan shekarun nan. Ba kowa nake tambaya duk Asabar ba."

Kunnuwana suka yi zafi, ni da jikoki biyar.

"Uwargidana ta rasu shekara huɗu. Yara sun watse. Da na ba ki sukudireban jiya, na ga fuskarki. Mutane da yawa na ba su, su ce 'ƙara ce kawai.' Ba na son in yi abu a karkace da tsufana. In mutum yana da magana ta manya, wa zai gani a gidanku?"

Na buɗe baki. Mahaifina ya rasu, baffannina sun rasu, yayana ya rasu. Ina cikin lissafa matattu sai wata baƙar mota ta tsaya a bayanmu, dab da mu, har ta toshe hanya. Na gan shi a madubi yana fitowa, da rigar ofis, yana gyara agogo.

"Ga shi nan," na ce. "Wanda ka tona wa asiri jiya."

Dillalin ya waiwaya, ya ce, "Innalillahi," ya gyara hularsa.

Manaja ya ƙwanƙwasa gilashi. Na sauke. Ya dube ni, ya dubi mutumin da ke gefena, ya dubi kaftanin mai guga.

"Umma, na zo jin amsata. Wannan kuma wane ne?"

Na kashe motar, na zare makullin na jefa a jakata.

"Ku shigo ciki ku biyun," na ce. "Kai kana da tambaya, shi ma yana da tambaya. Zan dafa shayi, ku fara yi wa juna."